Sanin Suna Kafin Neman Magani: Kwamfutocin Makarantunmu da Manhajar Linux

Ranar 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na Amurka ya daina bai wa manhajarsa ta Windows 10 kulawar da ya saba ba ta kyauta, watau gyare-gyaren nan da ke toshe kafofin da ɓarayin intanet da ƙwayoyin cutar kwamfuta suke bi su shiga. Wanda ke son ci gaba da samun kariya, sai dai ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi, ko kuwa ya koma Windows 11. Ita kuma Windows 11 ta zo da sharuɗɗa masu tsauri. Daga cikinsu akwai cewa lalle kwamfuta ta kasance tana da wani ɗan makullin tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma in ƙwaƙwalwarta ta Intel ce, galibi sai ta kasance daga zubi na takwas zuwa sama, wanda ya fara shiga kasuwa a 2017. Duk wanda ya san irin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun malamanmu da ɗakunan kwamfuta na makarantunmu, ya san da yawa daga cikinsu na hannu ne, irin su HP da Dell da Lenovo da akan sayo a Titin Beirut ko Farm Centre a Kano, kuma wasunsu sun girmi wannan sharaɗi nesa ba kusa ba.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga ɗalibin ƙasar Daura. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, a 2024 kuma hukumar WAEC ta soma yin haka ga masu zana jarrabawa a ƙashin kansu. Yaron da ya taso a Baure ko Zango ko Sandamu ko Mai'aduwa, in bai taɓa ɗora yatsunsa kan madannai ba sai ranar jarrabawa, to jarrabawa biyu zai zauna a lokaci guda: ta darasin da ya karanta, da ta injin da bai saba da shi ba. Saboda haka kowace kwamfuta guda da ke numfashi a makarantar sakandare, dukiya ce da bai kamata a yi wasa da ita ba.

Ganin haka ya sa wasu malamai suka fara mai da tsofaffin kwamfutoci kan Linux. Ita Linux babbar manhaja ce mai sarrafa kwamfuta kamar Windows, sai dai buɗaɗɗiya ce: kowa na iya ɗaukarta kyauta, ya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu, ba tare da ya karya doka ba. Wani ɗalibi mai suna Linus Torvalds ne ya fara rubuta zuciyarta a 1991, yana Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU wanda Richard Stallman ya sanar da kafawa a 1983. A yau tana zuwa da sunaye iri-iri, kamar Debian da Ubuntu da Linux Mint.

To, amma sau da yawa murna kan koma ciki. An ɗora Linux lafiya lau, sai a duba a ga Wi-Fi ya ɓace, ko fuskar kwamfuta ta yi baƙi ƙirin, ko firinta ta ƙi motsi. Nan da nan sai a yanke hukunci cewa Linux ta lalata injin. Daga nan ɗayan biyu: ko a ruga wurin mai gyara ya mai da Windows ta sata, wadda ba lasisi ba kariya, ko kuwa a jefa kwamfutar cikin sito ƙura ta rufe ta. Ra'ayina shi ne duka biyun gaggawa ce, ita kuwa gaggawa aikin Shaiɗan. Mafi yawan waɗannan matsaloli na rashin sanin sunan abin da ke cikin injin ne, kuma binciko su darasin kimiyya ne na zahiri wanda ya fi ƙarfin wasu gwaje-gwajen da muke yi wa ɗalibai a kan allo saboda rashin kayan aiki.

Me ya sa ƙarfe ke ƙin jin maganar manhaja?

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya gane shi ne, sunan da ke kan murfin kwamfuta sunan wanda ya harhaɗa ta ne kawai. A cikinta akwai sassa daga kamfanoni dabam-dabam. Katin Wi-Fi na iya zama na Intel ko Broadcom ko Realtek ko Qualcomm. Sashen da ke zana hoto a fuskar kwamfuta na iya zama na Intel ko AMD ko Nvidia. Har ma akan sami kwamfutoci biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya, amma katin Wi-Fi na cikinsu ba iri ɗaya ba ne. Shi ya sa malami zai ce tasa ta yi aiki sumul, abokinsa mai irin tasa sak ya ce tasa ta ƙi.

Kowane sashe yana da harshensa, kuma babbar manhaja ba ta iya magana da shi sai ta hanyar wata 'yar manhaja da masu gyara ke kira direba. Aikinta aikin tafinta ne tsakanin Sarki da baƙon da ba ya jin Hausa. A Linux, mafi yawan waɗannan tafintoci suna zuwa ne a cikin zuciyar manhajar, wadda ake kira kanel, shi ya sa galibin sassa kan kama aiki ba tare da an yi musu komai ba. Inda kamfani ya bayyana yadda ƙarfensa ke aiki, ko ya sa ma'aikatansa suka rubuta direba da kansu kamar yadda Intel ke yi, ba a cika samun tangarɗa ba. Inda kuwa kamfani ya ɓoye sirrinsa, kamar yadda aka daɗe ana fama da wasu katunan Broadcom da na Nvidia, sai an nemo direban daban an ɗora. Bugu da ƙari, wasu sassa suna bukatar a loda musu wata 'yar manhaja ta cikin ƙarfe duk lokacin da aka kunna injin. Debian ta daɗe ba ta sa irin waɗannan cikin faifanta na hukuma saboda ba buɗaɗɗu ba ne, sai a Debian 12 ta watan Yuni, 2023 ta fara haɗawa da su.

A nan akwai albishir ga mai tsohon inji. Sabuwar kwamfuta fil ita ce ta fi haɗuwa da matsala, domin tana iya zuwa da sashen da kanel ɗin da ke hannu bai san shi ba tukuna. Wadda ta shekara takwas ko goma kuwa, an daɗe da rubuta wa yawancin sassanta direbobi, an gwada, an gyara.

Darasi daga ajin ilmin halittu

Fannina ilmin halittu ne, kuma abu na farko da muke koya wa ɗalibi shi ne kada ya ce komai a kan tsiro ko ƙwaro sai ya tabbatar da sunansa. Itacen da muke kira aduwa, Bafillace da Babarbare da Balarabe kowa da sunan da yake kiransa. Amma tun da Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya tsayar da tsarin suna mai kalmomi biyu a 1753, masana suka sami suna guda da kowa zai gane: aduwa ita ce Balanites aegyptiaca, kuka kuma Adansonia digitata. Kalmar farko ta dangi ce, ta biyu ta jinsi.

Sassan kwamfuta ma suna da irin wannan suna mai ɓari biyu. In aka buɗe tagar rubuta umarni a Linux, aka rubuta lspci -nn, injin zai jero sassan da ke cikinsa, kowanne da lambobi biyu da ɗigo biyu a tsakaninsu. Ta farko lambar kamfani ce, ta biyu ta ainihin sashen. Lambar Intel ita ce 8086, ta Broadcom 14e4, ta Realtek 10ec, ta Nvidia kuwa 10de. Ga abubuwan da ke bin kafar USB, irin su kyamara da Bluetooth da firinta, umarnin shi ne lsusb. Wanda ya tafi neman taimako yana cewa "Wi-Fi na HP ɗina ya ƙi", tamkar wanda ya je wa likita ne ya ce "ba ni da lafiya" ya yi shiru. Wanda ya tafi da lambar nan a rubuce kuwa, ya ci rabin hanya, domin da wuya a ce ba wanda ya riga shi haɗuwa da wannan katin ya kuma rubuta maganinsa.

Bayan suna, sai tantancewa. Ɗalibanmu sun san mabuɗin nan na gane halittu, mai tambayoyin da amsarsu i ce ko a'a: yana da fukafukai ko ba shi da su? Ƙafafunsa shida ne ko takwas? Haka za a bi Wi-Fi ɗin da ya ɓace.

Tambaya ta farko: injin yana ganin katin kuwa? In bai fito a jerin lspci ko lsusb ba, to magana ba ta kai ga direba ba tukuna. Mai yiwuwa an kashe shi a saitin BIOS, ko ya saki daga mazauninsa, ko ya mutu. Tambaya ta biyu: in ana ganinsa, an toshe shi ne? Umarnin rfkill list zai nuna haka. Kwamfutoci da yawa suna da maɓalli a gefe, ko madanni mai hoton eriya ko jirgin sama, wanda hannun yaro kan taɓa ba da sani ba. Tambaya ta uku: akwai direba a kansa? Umarnin lspci -k zai faɗi direban da ke riƙe da kowane sashe. In babu, Linux Mint da Ubuntu suna da wata taga ta musamman mai nemo ƙarin direbobi ta ɗora. Ita wannan taga tana bukatar intanet, ga shi kuma Wi-Fi ɗin ne ya ƙi. Dabarar ita ce a haɗa wayar Android da kwamfutar ta igiyar caji, a kunna raba intanet ta USB a saitin wayar. Linux kan gane wannan haɗi nan take. Tambaya ta huɗu: an ɗora direba amma har yanzu shiru? A duba wani tsarin tsaro na BIOS mai suna Secure Boot, wanda kan hana direban da ba shi da hatimin da ya sani ya tashi, sai an yi masa rajista ko an kashe tsarin.

Sauran matsaloli ma haka ake bin su. In fuska ta yi baƙi lokacin tashi, musamman a injin mai Nvidia, akan zaɓi hanyar tashi ta lallaɓa da ke jerin farko, ko a ƙara kalmar nomodeset, a samu a shiga, sa'an nan a ɗora direban da ya dace. In mai ɗora manhaja bai ga rumbun ajiya ba sam, sau da yawa an saita shi ne a BIOS kan RAID ko Intel RST, sai a mai da shi AHCI. Amma a yi hattara, in akwai Windows da ake son a bari a gefe, wannan canji na iya hana ta tashi in ba a shirya ta ba tun farko. In injin yana jan ƙafa, a nemi Linux mai sauƙin nauyi kamar Linux Mint ta Xfce, wadda ke iya tashi da RAM na gigabayit 2, ko da yake 4 ya fi daɗin aiki.

A duk wannan aiki, ƙa'idoji biyu na ɗakin gwaji su ne jagora. Ta farko, a canza abu ɗaya tak a lokaci guda, a gwada, a rubuta sakamako a littafi. Wanda ya zuba wa shukarsa taki iri uku rana ɗaya, ko ta yi kyau ko ta ƙone, ba zai san wanne ne ya yi aikin ba. Haka wanda ya kwafo umarni biyar daga intanet ya zuba su a jere. Ta biyu, a sami abin kwatance. Linux tana da wata baiwa a nan: ana iya tashe ta kai-tsaye daga filash ba tare da an taɓa abin da ke cikin rumbun kwamfuta ba. A haka za a gwada Wi-Fi da sauti da kyamara da madannai da firinta, kafin a goge komai. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Ba kowane laifi ne na manhaja ba

Akwai cututtukan da tun kafin zuwan Linux suke cikin injin, canjin manhaja ne kawai ya sa aka lura da su. Mu da ke zaune a bakin iyakar Nijar mun san ƙurar hunturu, mun kuma san zafin bazara, lokacin da ma'auni kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Ƙura kan toshe fankar kwamfuta da ramukan fitar iska, ƙwaƙwalwa ta ɗau zafi, ta rage gudu don ta tsira, in abin ya yi tsanani ta kashe kanta. Umarnin sensors zai nuna zafin da ke ciki, maganin kuwa buroshi ne da abin hura iska. Batirin da ya shekara bakwai yana shan wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, da ta ƙaramin janareta mai hawa da sauka, ba wata manhaja da za ta mai da shi yaro. Ga RAM akwai gwajin Memtest86+, ga rumbun ajiya kuma akwai taga mai karanto rahoton lafiyarsa. In filash ɗin da ya tashi kwamfutoci huɗu lafiya ya gaza a ta biyar, ai an san inda za a duba.

Abin da masu ja suke faɗa

Masu ƙin wannan shawara suna da hujjoji, kuma adalci ne a saurare su. Sun ce akwai kayan da ba sa aiki da Linux ko an yi yaya. Gaskiya ne: wasu na'urorin karanta zanen yatsa da wasu firintoci masu araha har yanzu ba su da direba mai kyau. Sun ce yawancin manhajojin gwajin jarrabawa da ake sayarwa an yi su ne don Windows. Wannan ma gaskiya ne, kuma duk cibiyar da hukumar jarrabawa ta yi wa rajista, wajibi ne ta bi sharuɗɗan hukumar, kada wani ya taɓa injunanta da sunan gwaji. Sun kuma ce masu gyaran da ke kusa da mu Windows suka sani.

Amsata ita ce, ba a ce kowace kwamfuta ta koma Linux ba. Maganar a kan waɗanda Windows 11 ta ƙi ce, waɗanda in ba haka ba makomarsu sito ko manhajar sata. Koyon buga rubutu da riƙe linzamin kwamfuta da cike amsa a allo, duk ana yin su a Linux kamar yadda ake yi a ko'ina, ga kuma LibreOffice don rubutu da lissafi. Katin Wi-Fi da ya gagara ana iya musanya shi da na Intel, ko da yake wasu tsofaffin HP da Lenovo ba sa karɓar katin da ba ya cikin jerin da BIOS ɗinsu ya sani, sai a koma ga ɗan ƙaramin Wi-Fi na USB, a gwada shi kafin a biya. Firintocin zamani da yawa kuma suna aiki ba tare da direba na musamman ba. Game da ƙarancin masu gyara, ai da koyo akan iya. Jihar Kerala ta ƙasar Indiya ta mai da kwamfutocin makarantun gwamnatinta kan Linux tun a shekarun 2000, kuma ta haɗa wannan da horar da malamanta.

Har wa yau akwai riba biyu da suka shafe mu kai-tsaye. Linux tana zuwa da tsarin madannai na Hausar Nijeriya, ta yadda ɗalibi zai rubuta ƙ da ɗ da ɓ daidai, ya bambance ƙafa da kafa ba tare da wahala ba. Sa'an nan ƙananan madubin ƙara girma masu igiyar USB, da yawansu suna bin ƙa'idar kyamara ta bai-ɗaya da ake kira UVC, wadda Linux ta sani tun tuni. Da irin wannan madubi da tsohuwar kwamfuta guda, aji ɗungum zai kalli ƙafar sauro ko bayan ganyen gero a lokaci ɗaya.

Kira

Ga shugabannin makarantu, shawarata ita ce kada a sayi kwamfuta ta hannu, kada kuma a goge wadda ake da ita, sai an tashe ta daga filash an gwada sassanta ɗaya bayan ɗaya, an kuma kwashe muhimman takardu zuwa wani wuri. A buɗe littafi guda a ɗakin kwamfuta, kowane inji da shafinsa: sunansa, lambobin sassansa, matsalar da ya nuna, da abin da ya warkar da shi. In malamin da ya san kan abin ya sami canjin wurin aiki, ilmin ba zai bi shi ba.

Ga manyan makarantun da Allah Ya albarkaci Daura da su, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da Kwalejin Yusufu Bala Usman, ina roƙon su dubi yiwuwar shirya wa malaman sakandare na ƙananan hukumomi biyar na masarautar bita a lokacin hutu, a gayyato har da masu gyaran kasuwa, kowa ya zo da injin da ya gagare shi.

Ku kuma ɗalibai, maza da mata, ku sani wayar Android da ke gidajenku a kan kanel ɗin Linux take tafiya, don haka ba baƙuwa ba ce gare ku. Ku roƙi malaminku ya fito muku da kwamfuta guda daga sito, ku kafa ƙungiya, ku nemi sunan kowane sashe nata, ku yi tambaya ɗaya a lokaci guda, ku rubuta abin da kuka gani ko da bai yi muku daɗi ba. Wanda ya saba da wannan tarbiyya a kan katin Wi-Fi, zai tarar ita ce dai ake nema a gaban madubin ƙara girma, da gadon majinyaci, da gonar gwaji. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya sa mu yi aiki da shi.